Wuyan Gwaggo Tasalla

A shekarun da aka fara karatun likitanci a Paraku, Memuna 'yar Alhaji Jatau dillalin shanu tana cikin 'yan matan farko da suka sa farar riga a unguwar Albarika. Uban bai taɓa zama a aji ba, amma duk wanda ya je kara sayen sa a wurinsa, sai ya sha labarin Memuna kafin a fara ciniki. Sai dai ba shi ya raine ta ba. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, yayarsa Tasalla ta ɗauke ta ta tafi da ita garin Jugu, inda take sayar da goro a bakin babbar kasuwa. A hannunta Memuna ta yi wayo, sai da ta isa shiga sakandare ta dawo gidan uba.

Gwaggo Tasalla tana da maƙoƙo. Kumburin ya fara mata tun tana da ƙuruciya, ya yi ta girma a hankali har ya fi dunƙulen hannun namiji. Tana da irin nata naɗin mayafi: ta zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, ta ninka, ta jefa bakinsa a kafaɗa. Mutanen da suka shekara da shekaru suna sayen goro a wurinta ba su taɓa ganin wuyanta ba, wasu ma suna zaton tsabar kamun kai ne. Ko a gida, sai ta tura ƙyauren ɗaki take kwancewa. Memuna kaɗai ke shiga a irin wannan lokaci, don ita ke shafa mata man kaɗe a ƙeya idan nauyin ya dame ta.

A shekarar da Memuna ta fara shiga asibiti koyon aiki, ƙungiyar ɗaliban likitanci ta shirya makon lafiya. An lissafa abubuwa da yawa. Za a ba da gudummawar jini, a je kasuwa a auna wa mata hawan jini kyauta, a yi wasan kwaikwayo kan gidan sauro. Amma abin da ya hana kowa sakat shi ne ranar ƙarshe. Wani babban farfesan tiyata zai zo daga Kwatano, babban birnin da ke kudu, ɗalibai za su fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi bayanin wata cuta a gabansa. Wanda ya fi burge shi zai tafi da shi ya yi hutun ƙarshen shekara yana koyon aiki a sashensa. Ga ɗalibin arewa wanda bai san kowa a Kwatano ba, irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba.

Kowa ya shiga neman hotuna da zane-zane. Memuna ta zaɓi maƙoƙo, don ta san shi tun kafin ta san sunansa da Faransanci. Wata rana suna zaune a inuwar mangwaro bayan aji, Idrisu shugaban ƙungiyar ya duba zanen da ta yi ya taɓe baki.

"Zanen ya yi kyau," in ji shi, "amma kowa zane zai kawo. Da za ki sami mai cutar a tsaye, mutumin nan ya gani da idonsa, wallahi an gama gasar."

Memuna ta naɗe zanenta ta tashi. Amma maganar ta bi ta har gida, ta kwana da ita ta tashi da ita. Ta tuna a zuwanta Jugu na ƙarshe Gwaggo ta ce idan ta kwanta rigingine numfashi yana yi mata wuya. Ta ce wa kanta ai wannan taimako ne. Yaushe mai sayar da goro za ta sami farfesa ya duba ta? Da ta maimaita wannan a ranta sau da yawa, sai ya fara yi mata kama da dalilinta na gaskiya.

Ranar Asabar ta shiga mota zuwa Jugu. Ta tarar da Gwaggo a rumfarta tana yayyafa wa goro ruwa tana ware masu tabo. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, Memuna ta durƙusa kusa da ita ta rage murya.

"Gwaggo, wani babban likita zai zo makarantarmu daga Kwatano. Aikinsa ke nan, wuya. Na yi magana zai gan ki."

Gwaggo ta daina abin da take yi. "Namiji ne?"

"Dattijo ne, ya haife ni, ya kusa haifarki ma."

"Shi kaɗai zai gani?"

Nan ne wurin da ya kamata Memuna ta faɗi gaskiya, kuma ta san haka a lokacin. Sai ta sunkuya ta ɗauki wani goro tana juya shi a hannu, ta ce, "Ai ina nan tare da ke, Gwaggo. Ba inda zan tafi."

"To, tunda kina nan," in ji Gwaggo.

Ana jibi taron Gwaggo ta iso Albarika. Alhaji Jatau ya yi ta murna, yana cewa, "Yaya, kin ga amfanin karatun 'yarki ko? Likitan manya ne zai duba ki." Ranar da safe Gwaggo ta sa atamfarta ta zuwa biki, ta zaɓi fararen goro manya ta naɗe a ganye, ta ce ba a zuwa gaban babban mutum hannu sake.

Da suka sauka daga kan babur a ƙofar babban ɗakin taro, Gwaggo ta ga samari da 'yan mata suna ta tururuwa ciki. Ta kama hannun Memuna.

"Duk waɗannan marasa lafiya ne?"

"Ɗalibai ne, Gwaggo. Likitan yana ciki."

Memuna ta zaunar da ita a wani benci a bayan dandamali, inda ba a hango kujerun jama'a. Gwaggo ta zauna da ƙunshin goronta a cinya, tana jin tafi yana tashi yana sauka, ba ta san na mene ne ba. Da aka kira sunan Memuna, ta zo ta riƙo ta, ta hau da ita matakala, ta zaunar da ita a kan kujera guda da aka ajiye a tsakiyar dandamalin. Sai a lokacin Gwaggo ta ɗaga kai ta ga abin da ke gabanta: kujeru hawa-hawa har kusa da rufi, cike da fuskoki, duk suna kallonta. A cikinsu akwai 'ya'yan Jugu da ta sani tun suna goye.

Memuna ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta juya ga jama'a ta fara magana da Faransanci, kuma Allah ya yi mata baki. Ta yi bayanin yadda rashin wani sinadari a gishiri da ƙasar tudu ke kawo cutar, da dalilin da ya sa ta fi kama mata. Ta ce wannan da ke zaune sunanta Madam T., 'yar kasuwa ce, ba ta yi makaranta ba, kuma ta daɗe tana ɓoye ciwonta maimakon ta je asibiti. Ba ta ce gwaggonta ce ba. Ɗakin ya yi tsit, farfesan da ke zaune a gaba, wani tsoho mai furfura da tabarau, ya ajiye alƙalaminsa yana saurare.

Sai aka zo wurin da babu makawa. Memuna ta matso kusa da kujerar, ta sunkuya, ta ce da Hausa a hankali, "Gwaggo, ki ɗan kwance mayafin."

Gwaggo ta dube ta. Ba harara ba ce, da harara ce da ya fi sauƙi. Kallo ne irin na wanda bai gane maganar da aka yi masa ba, yana jira a sake faɗi. Ta dubi jama'a, ta dawo da ido kan Memuna, ta sauke shi kan takardun da ke hannun yarinyar. Sannan ta ajiye ƙunshin goron a ƙasa, ta kai hannu kafaɗa, ta warware naɗin da kanta.

Wani gunaguni ya ratsa ɗakin. Daga can sama wani ya yi fito, wasu suka yi masa tsawa. Hasken kyamara ya walƙa. Gwaggo ta kafa idonta a kan ƙofar da ke can ƙarshen ɗakin, ba ta ƙara motsi ba. Memuna ta ci gaba. Ta nuna iyakar kumburin da yatsa, ta zagaya bayan kujerar ta taɓa shi da hannu biyu kamar yadda aka koya musu. Ta miƙa mata ruwa a kofi ta ce ta haɗiya, don kowa ya ga yadda kumburin ke hawa yana sauka. Gwaggo ta haɗiya. Da Memuna ta rufe bayaninta, tafin da aka yi ya fi na kowa.

Farfesan bai tafa ba. Ya miƙe a hankali ya hau dandamalin, ya wuce Memuna, ya ɗauki mayafin da ya zame a hannun kujera ya miƙa wa Gwaggo. Ashe yana saurayi ya yi aiki a asibitocin arewa, ya tsinci Hausar kasuwa. Ya rusuna kaɗan ya ce, "Sannu, Inna. Kin yi haƙuri. Ina tambaya. An gaya miki za ki zauna gaban mutane haka? Kin yarda?"

Na'urar magana tana kusa, duk mai jin Hausa a ɗakin ya ji. Memuna ta sunkuyar da kai. Ta san abin da zai biyo baya, kuma ta san ta cancance shi.

Gwaggo ta gama naɗa mayafinta tsaf tukuna. Sannan ta ce, da murya ba rawa, "An gaya mini, likita. 'Yata ce, ni na raine ta. Ni na ce ta kawo ni."

Farfesan ya dubi Memuna ta saman tabarau. "Mahaifiyarki ce? Ba ki faɗa ba." Ya juya ga ɗalibai ya ce da Faransanci su dubi wannan baiwar Allah da ta ba da jikinta don su koya, su tashi su girmama ta. Ɗakin duka ya miƙe. Memuna na tsaye a gefe ana ta tafi, ita kuwa ji take da dandamalin zai tsage da ta shige.

Bayan an tashi, farfesan ya duba Gwaggo a wani ƙaramin ofis, ƙofa a rufe. Ya ce kumburin ya fara danne hanyar numfashi, aiki ya kama, ta zo Kwatano da damina. Gwaggo ta ba shi goronsa, ya karɓa da hannu biyu. Da yamma aka sanar cewa Memuna ce ta yi nasara. Idrisu ya zo yana dariya yana cewa ai ya faɗa mata. Ta wuce shi ta tafi neman Gwaggo.

A gida Alhaji Jatau ya aika aka kawo balangu mai zafi, maƙwabta suka shigo taya murna. Ya tambayi yayarsa yadda aka yi, ta ce likitan mutumin kirki ne, ya san darajar manya. Ta ɗan taɓa naman ta ce kanta na ciwo, ta shiga ɗaki. Memuna ta je ƙofar ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta sauke, ta koma. Kashegari kafin ta fito daga wanka, Gwaggo ta riga ta tafi tasha.

Kwanakin da suka biyo baya Memuna ba ta ji daɗinsu ba. Duk inda ta bi a makaranta ana nuna ta ana yaba mata, malamai suna kiran sunanta a aji. Kowane yabo sai ya dawo mata da muryar Gwaggo tana cewa ni na ce ta kawo ni. Abinci ya daina shiga. Da ta ga abin ba zai bar ta ba, ta shiga motar Jugu.

Ba ta sami Gwaggo a kasuwa ba. Tani, mai sayar da daddawa a rumfar da ke kusa, ita ke tsare mata goron. Ta dubi Memuna sama da ƙasa kafin ta amsa gaisuwa.

"Tun da ta dawo daga wurinku ba ta fito ba," in ji Tani. "Yaran da ke karatu can sun kawo labari, har da hoto. Jiya wata ta zo nan wai goro take so, idonta na ta neman wuyan mutane. Na kore ta." Ta gyara murfin kwandon. "Ni shekarata nawa muna zaune kafaɗa da kafaɗa, na sani sarai, ban taɓa nuna mata na sani ba."

Memuna ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta yi sallama ta kama hanyar gida, ta bi ta bayan masallaci don kada ta haɗu da wanda ya san ta.

Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa sallama, ta tambayi lafiyar Alhaji, ta nuna mata tabarma, kamar yadda za ta yi wa kowace baƙuwa. Memuna ba ta hau tabarmar ba. Ta durƙusa a ƙasa, kuka ya ƙwace mata.

"Gwaggo, na cuce ki. Na san abin da za a yi, na ɓoye miki. Ba don lafiyarki na kai ki ba, don kaina ne."

"Na sani," in ji Gwaggo. "Tun da na ga kujerar nan guda a tsakiya na sani."

"To me ya sa kika rufa mini asiri?"

"Me kike so in ce? In ce 'yar da na goya ta yaudare ni, a gaban baƙo, a gaban abokan karatunta? In ƙara wani tsiraicin a kan wanda aka riga aka gani?" Ta watsar da tsakuwar da ta tsinta. "Abin da ya tsaya mini ba kallon yaran nan ba ne. Da kin zo kin ce, Gwaggo, ga abin da nake nema, ga abin da zai ci, wataƙila in ce a'a. Wataƙila kuma in kwana biyu in ce mu je. Ni kaina ban san wanne zan ce ba. Ba ki bar ni na sani ba."

Memuna ta share fuska da gefen gyalenta. "Zan je in gaya wa farfesan gaskiya. In ce a ba wani gurbin, ban cancanta ba."

A karo na farko muryar Gwaggo ta tashi. "Ki mai da ni maƙaryaciya ke nan, bayan abin da ya wuce? Na zauna an kalle ni kamar saniya a kara, sannan a ce a banza? Za ki je. Ki koyi aikin da kyau, tunda da wuyana aka saya." Ta ja tiren waken kusa. "Ni ma zan je a yi mini aikin, numfashin yana ƙara matsa mini. Amma Jatau ne zai kai ni. Ke kuma duk ɗakin da za a buɗe ni, ba na so ki shiga. Ko da farar rigar taki."

"To, Gwaggo."

"Tashi ki ɗora ruwa. Ba a kuka a tsakar gidan mutane da rana tsaka."

Haka aka yi. Da hutu ya zo Memuna ta tafi Kwatano. Farfesan ya riƙe ta da kyau, yana yawan gabatar da ita ga baƙi a matsayin yarinyar da mahaifiyarta ta yi abin da bai taɓa gani ba. Duk ranar da ya faɗi haka sai ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ɗauka kunya ce irin ta 'yan arewa. Wani abu guda ya lura da shi: ba ta taɓa ɗaga zanen mara lafiya ba sai ta tambaya, ta sake tambaya, har wasu ma'aikatan suna cewa tana ɓata lokaci.

Da damina ta yi nisa Alhaji Jatau ya kawo yayarsa. Ranar aikin farfesan ya ce Memuna ta wanke hannu ta shigo ta gani, irin damar da ɗalibai ke rububi a kai. Ta ce ya yi mata afuwa, ba za ta iya ba. Ya ce ya fahimta, jininta ce, ba kowa ke iya kallo ba. Ta zauna a bencin baranda tare da mahaifinta da sauran masu jinya, da farar rigarta, mutane suna wucewa suna tambayarta hanya. Alhaji yana ta jan carbi. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Da na je Jugu ɗauko Yaya, Tani ta gaya mini komai." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Aikin ya yi kyau. Kashegari da hantsi Alhaji ya fito daga ɗakin jinya ya ce Gwaggo ta farka sosai, muryarta ta dushe amma tana magana, kuma an ce za ta iya shan abu mai ruwa. Kunun gyaɗa take so, ta ce ba za ta sha shayin asibiti ba. Memuna ta cire rigar aiki ta hau babur zuwa Zongo, unguwar Hausawa, ta yi ta tambaya gida-gida har ta sami wata Bahaushiya da ta yarda ta dama mata sabo. Ta dawo da shi a kwano ta rungume, ruwan sama ya jiƙa mata baya. A bakin ƙofa ta tsaya ta miƙa wa mahaifinta.

Ya shiga, bai jima ba ya leƙo da kwanon a hannunsa. "Ta ce wanda ya sayo ya kawo da kansa."

Memuna ta karɓa ta shiga a hankali. Gwaggo tana kishingiɗe, an naɗe mata wuya da farin bandeji, fuskarta ta faɗa, tana kallon taga. Memuna ta ajiye kwanon a kan ƙaramin teburi, ta buɗe, ta ja da baya ta tsaya, hannuwanta a haɗe.

Gwaggo ta ɗanɗana cokali guda ta yamutsa fuska. "Sukari ya yi yawa," ta ce da dusasshiyar murya. Ta sake kai wani cokalin. Sai da ta sha kusan rabi sannan ta juyo. "Ki nemi wuri ki zauna mana. Kin tsaya mini a kai, sai ka ce wata likita."

Memuna ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon, a can wajen ƙafafu.